Technics SL-1200GR2: ya ci kuɗinsa kuwa, ko suna ake sayar mana?

Baban Khalifa: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Shawara nake nema. Ƙanena zai zo gida daga Manchester ƙarshen shekara, ya ce in faɗi abin da zai riƙo min, ni zan biya. Raina ya biya da sabon garmahon Technics, SL-1200GR2, wanda suka fitar a 2023. Fam 1,799 aka sa masa a Ingila da ya fito, a Amurka kusan dala 2,200, kuma ko kan allura babu a cikin kwalin. A gida ina da SL-1200MK2, ya tsufa amma lafiyarsa ƙalau. Waɗanda suka san abin, don Allah ku faɗa min gaskiya: kunnena zai ji bambancin da ya kai wannan kuɗi?

Dije Sabon Gari (DJ, mai kiɗan biki): Wa alaikumus salam. Yaya, ka saya kawai, MK2 ɗin kuma ka sayar min. Na gama magana.

Kawu Mai Garmaho: Kai yaro, bari mutum ya samu shawara tukuna kafin ka fara rabon gado. Baban Khalifa, da tsohuwar zuma ake magani. MK2 tun 1979 ake ƙera shi, sai 2010 aka tsayar da jerin gaba ɗaya, kuma har yau ana kaɗa shi a duniya. Me ya yi maka?

Baban Khalifa: Allah ya ja kwana Kawu, bai yi min komai ba. Karatu ne ya yi min yawa. Ko'ina na duba ana yabon wani abu wai Delta Sigma Drive.

Injiniya Na Zariya: Bari in warware wannan tukuna, don yawancin masu yabonsa ba su san me suke yabo ba.

Garmaho iri biyu ne ta fuskar juyi. Akwai mai bel, inda ƙaramin inji ke gefe yana jan farantin da zoben roba. Akwai mai juyi kai-tsaye, inda farantin ke zaune a kan injin, sandar da ake zura faifai a kanta ita ce sandar injin. Kamfanin Matsushita, wato Panasonic na yau, mai Technics, shi ya fara fito da wannan da SP-10 a 1970, SL-1200 na farko ya biyo baya a 1972.

Ƙorafin masu kunne tun wancan zamanin shi ne, injin da aka naɗa wayarsa a kan ƙarfe, maganadisu yana fizgar ƙarfen duk sanda ya zo wucewa, sai juyin ya zama da 'yar fizga-fizga. Tunda babu roba a tsakani, wai fizgar kai-tsaye take isa ga allura. Da Technics suka dawo a 2016 sai suka cire ƙarfen daga cikin naɗin wayar. Wannan gyaran yana cikin SL-1200G, yana cikin SL-1200GR na 2017, har MK7 na masu kiɗan biki yana da shi.

To me GR2 ya ƙara? Ba injin aka sauya ba, wutar da ake ba shi aka tace. Injin yana son wuta mai hawa da sauka sumul. Tsohuwar hanya tana daddatsa wutar ne ta haɗa wannan siffa, sai ta bar ɗan datti a ciki, dattin kuma ya zama ƙaramar girgiza a faranti. Sabuwar dabarar daga amfilifayoyinsu na dijital suka aro ta, ta fi fitar da siffar da tsabta. Sun kuma sake ɓangaren da ke karɓar wutar gida don rage ƙara. Hannu na alminiyom ne kamar na GR, farantin ma kilo 2.5 ne kamar na GR.

Ga abin da ba a cika faɗa ba. Tangal-tangal ɗin gudu da suka rubuta wa GR2 shi ne kashi 0.025 cikin 100. Ka ɗauko takardar MK2 ɗinka, adadin da za ka gani ke nan.

Baban Khalifa: Ikon Allah. Wato shekara arba'in da wani abu, lambar ba ta motsa ba?

Injiniya Na Zariya: Ba ta motsa ba, don dama ta kai inda faifan gwajin kansa ba ya iya nuna abin da ya fi haka. Kuma ka lura da wannan. Faifan da ramin tsakiyarsa ya goce da milimita 0.2, idan allura tana santimita 10 daga tsakiya, gudun da take gani yana hawa yana sauka da kashi 0.2 cikin 100 a kowane zagaye, wato duk daƙiƙa 1.8. Ba ma'auni ɗaya ake bi wajen auna su ba, amma ko yaya ka lissafa, karkatar ramin ta fi laifin injin. Nakamichi har garmaho suka yi a farkon shekarun 1980 mai auna wannan karkata ya gyara zaman faifan da kansa. Yawancin faifan da muke tsintowa a kasuwa, ka zuba wa hannun ido yana kaɗawa, za ka ga yana lilo dama da hagu.

Maman Hanan: Injiniya, lissafinka daidai ne, amma ba da takarda ake sauraron kiɗa ba. Ni GR nake da shi a nan Leeds. Da GR2 ya fito na je wani shago da faifaina, aka jera min su biyu, kan allura iri ɗaya, amfilifaya ɗaya. Akwai bambanci. A faifan piyano na fi jin sa: idan aka buga sauti aka bar shi ya mutu da kansa, a GR2 wutsiyarsa tana tafiya a miƙe har ta ɓace, kuma shirun da ke tsakanin waƙa da waƙa ya fi zurfi. Da aka sa mai ganguna da ƙaho da yawa, wallahi ban iya rabewa ba.

Ban sauya nawa ba. Bambancin bai kai in sayar da GR da asara in cika kuɗi ba. Amma wanda zai saya yau daga farko, GR2 zan ce ya ɗauka.

Injiniya Na Zariya: Hajiya, kina ganin wanda ake kunnawa lokacin da kike sauraro?

Maman Hanan: Ina gani mana.

Injiniya Na Zariya: To a nan gizo ke saƙa. Kin san wane ne sabo, mai shago yana tsaye yana murmushi. Kuma kan allura biyu ko da lambarsu ɗaya, ba sa fitar da ƙarfin sauti daidai wa daida. Wanda ya ɗara ɗan'uwansa ƙarfi kaɗan, kunne sai ya ce ya fi daɗi.

Maman Hanan: Kan allura ɗaya ne, Malam. Gidan allurar ake kwancewa daga wannan hannu a ɗaura a wancan, ai amfanin hannun Technics ke nan. Maganar gani kuwa na yarda da kai. Sai dai ni da niyyar kada in ji komai na je, don ba na son kashe kuɗi, kuma na ji.

Ɗan Damagaram: Ina wuninku. Ni dai ban taɓa jin mai juyi kai-tsaye da ya taɓa min zuciya ba. Komai daidai, komai a kan layi, amma a bushe. Da kuɗin nan Baban Khalifa zai samu Rega Planar 6, har da canji idan bai haɗa da kan allura mai tsada ba. Su Rega tunaninsu daban ne: jiki mara nauyi mai tauri, don kada girgiza ta samu inda za ta zauna, hannu kuma a miƙe ba gaɓoɓi da yawa. Hannun Technics mai lanƙwasa da gidan allura mai kwancewa, kowace mahaɗa wurin ɓatan sauti ce.

Mai Gyara Kano: Malam na Damagaram, barka da yamma. Ni ba mai kunnen zinariya ba ne, abin da ake kawo min shago nake gani. Garmaho mai bel a ƙasarmu, zafin Afrilu kawai ya ishe shi. Robar tana saki, gudu ya ragu. Wanda aka ajiye shekaru ba a kunna ba, in na ɗaga faranti sai in tarar bel ɗin ya narke ya manne baƙi ƙirin, sai na sa auduga da sifirit ina kankarewa. Samun bel mai daidai tsawo da kauri kuma wani aiki ne, sai an aiko daga waje.

Na biyu, wuta. Da yawa daga masu bel injinsu da bugun wutar gida yake ƙidaya gudunsa, wato 50 a daƙiƙa. Ka tayar da janareta, firji ya kama, bugun ya sauka, sai ka ji mawaƙi ya koma muryar wani. Technics da ƙwayar kwatz irin ta cikin agogo yake riƙe gudunsa, bai damu da abin da janareta ke yi ba.

Ɗan Damagaram: Wannan gaskiya ne a kan ƙananan. Planar 6 da akwatin wutarsa yake zuwa, Neo, shi yake haɗa bugunsa da kansa. Bel kuma ka sa a riƙo maka guda biyu ka ajiye a inuwa, shi ke nan.

Mai Gyara Kano: Na yarda. Amma ka ga ka riga ka fara tanadin kayan gyara tun ba ka kunna ba.

Dije Sabon Gari: Abin da ke ba ni dariya, shekara da shekaru masu wannan ra'ayi suna raina 1200, wai kayan 'yan disko ne. Mu muka riƙe shi. Masu kiɗan hip hop a New York su suka gano za ka iya tare faifai da hannu ka sake shi ya koma gudunsa nan take. Sama da miliyan 3 aka sayar, har gidan tarihin kimiyya na Landan ya ajiye SL-1210. Da aka daina yi a 2010 mutane suka yi ta sa hannu a takardar koke. Da ya dawo a 2016, sai ga SL-1200GAE guda 1,200 kacal a kasuwar duniya, dala 4,000. Wa ya saya? Su ɗin nan masu rainin. Mu sai 2019 aka tuna da mu da MK7.

Kawu Mai Garmaho: Ɗana, gyara kaɗan. Ba don ku aka ƙera shi ba tun asali, don masu sauraro a gida aka yi shi, ku kuka tsince shi. Wansa SP-10 kuma gidajen rediyo ya tafi, har BBC sun yi aiki da shi. Mu da muka yi aikin rediyo abin da muke so a garmaho shi ne ka ajiye allura a bakin waƙa, ka murɗa faifan baya kaɗan, mai gabatarwa yana rufe baki ka danna, waƙa ta tashi ba tare da jan murya ba. Mai bel ba ya yi maka wannan.

Dije Sabon Gari: Na karɓi gyara, Kawu. Amma GR2 a wurin biki asara ce. Ƙura, zufa, yara suna jingina da tebur. Duk wannan tace wuta, wa zai ji ta a cikin lasifikar da ake ji daga layi uku?

Ɗan Damagaram: Shi ya sa nake cewa abin bai san inda ya dosa ba. Idan na masu sauraro ne, me ya kawo maɓallin ƙara gudu da fitilar ɗige-ɗige a gefen faranti? Kuɗinsu kake biya. Su kansu sun gane, a 2024 suka fitar da SL-1300G babu wannan tarkacen.

Injiniya Na Zariya: Shi kuma ya haura dala 3,000. An ba shi inji mai maganadisu sama da ƙasa irin na G, da faranti mai rufin tagulla kilo 3.6. Wani aji ne.

Kawu Mai Garmaho: Kada ku raina maɓallin nan. Ina da faifan 78 na mahaifina, wato masu zagaye 78 a minti, masu nauyi masu fashewa, wasu na Indiya wasu na nan Afirka ta Yamma. Ba duka aka yanka a 78 cif ba, musamman tsofaffin. Sai ka ɗan ja maɓallin sama ko ƙasa kafin murya ta zauna. MK2 ba ya juya 78 sam, 33 da 45 kawai. GR2 yana yi, ka danna maɓallan biyu tare. Wannan kaɗai ne abin da ya sa nake kallonsa. Amma wanda zai yi haka ya nemi allurar 78 daban, ramin layinsu ya fi faɗi, allurar faifan zamani a ƙasan ramin za ta riƙa ja, ba abin da za ka ji sai shuuu.

Baban Khalifa: Ni ba ni da 78 ko ɗaya. Nawa duk na shekarun 1970 da 1980 ne, bugun Legas da na Ingila, da na Indiya kaɗan.

Maman Hanan: To Baban Khalifa, wane kan allura ne a MK2 ɗin? Kuma ina kake sa wayarsa?

Baban Khalifa: Wanda na same shi da shi ne, sunan ma ya goge. Wayar kuma tana shiga ramin fono na amfilifaya.

Maman Hanan: Innalillahi. Yaya, ka ajiye maganar GR2 tukuna. Allura tana cinyewa. Audio-Technica da kansu sun ce mai baki irin ƙwai wajen awa 300 take yi, mai siririn baki da suke kira Microlinear wajen awa 1,000. Wadda ba ka san shekarunta ba, yanzu haka faifanka take sassaƙa, kuma abin da ta cinye ba ya dawowa. Ka sa ƙaninka ya riƙo maka VM95ML, ko Ortofon 2M Blue, ko Nagaoka MP-110 idan faifanka masu ƙaiƙayi ne, ita tana da sauƙin kai. Ka haɗa da ɗan sikelin auna nauyin allura. VM95 giram 2 take so. Sai akwatin fono mai kyau, wanda ke ƙarfafa sautin allura kafin ya shiga amfilifaya. Duka ba za su kai kashi ɗaya cikin uku na kuɗin GR2 ba, kuma bambancin da za ka ji daga ƙofar ɗaki za ka ji shi, ba sai ka runtse ido kana neman wutsiyar piyano ba.

Injiniya Na Zariya: Yau dai ni da Hajiya mun haɗu a layi ɗaya. Amfanin siririn baki ya fi fitowa a waƙar ƙarshe ta kowane gefe, kusa da takarda, inda layin ya matse. A nan ne "s" take tsagewa. Kuma yana taɓa bangon rami sama da ƙasa da inda tsohuwar allura ta cinye, shi ya sa wani tsohon faifan yake farfaɗowa.

Mai Gyara Kano: Ku ƙara da wanki. Lokacin hunturu iska ta bushe, faifai yana tara lantarki a jikinsa, kana zare shi daga riga kana jin tas-tas, ƙura tana bin sa. Rabin ƙarar da mutane ke ɗora wa garmaho datti ne a cikin layi. Ruwan batir wanda aka tace, ba mai asid ba, da ɗigon sabulun ruwa da burushi mai laushi, a bi layin a zagaye, kada a jiƙa takardar, a jingine ya bushe a inuwa. Kawu, naka na 78 kada sifirit ya kusance su, narkar da su yake.

MK2 ɗin kuma a kawo a duba. Ɗigo biyu ko uku na mai a sandar tsakiya. Wayar sautinsa a manne take daga ciki, in ta tsufa sai a sauya. Kafasitocin ɓangaren wuta a auna su. A wannan GR2 ya fi shi, wayoyinsa duka cirewa ake yi.

Baban Khalifa: Wani kuma ya ce min GR2 a Malesiya ake haɗa shi, nawa kuwa rubutun Japan ne a bayansa.

Injiniya Na Zariya: Haka ne, sun mayar da haɗin can. Masana'antarsu ce, ma'auninsu ne. Ban ɗauki wannan hujja ba.

Dije Sabon Gari: A wurin sayarwa hujja ce, Injiniya. Kowa rubutun Japan yake nema.

Ɗan Damagaram: Ni har yanzu ina kan bakana a kan daɗin sauti. Amma idan Technics ɗin ne dole, ga SL-1500C, da kan allurar 2M Red da fono a cikinsa, hannun yana ɗaga kansa in faifai ya ƙare. Ya fi GR2 araha nesa.

Maman Hanan: Ga mai farawa, eh. Ga mai MK2 lafiyayye, wannan ba ci gaba ba ne, matsawa gefe ce.

Kawu Mai Garmaho: Ni abin da zan ce, idan mutum yana da hali kuma ransa na so, ba laifi ba ne. Ba kullum ake sayen abu don lissafi ba. Sabo ne, ba wanda ya taɓa jibgarsa a wurin rawa, zai kai ka inda za ka. Amma ka sani ko ka saye shi, sai ka sayi allurar da Hajiya ta faɗa. To ka fara da ita. In ka ji MK2 da sabuwar allura har yanzu ranka na wurin GR2, kan allurar zai koma kansa, ba ka yi asara ba.

Baban Khalifa: Wannan ta shige ni, Kawu. Na gode. Amma a ce na ƙi ji, yaya za a yi ya iso lafiya?

Mai Gyara Kano: A kwalinsa na asali, kada a yarda da wani. Wajen kilo 11 da rabi ne shi kaɗai, da kwali ya ƙaru, to jaka guda ya cinye a jirgi. Sabo dama faranti a ware yake zuwa, da ƙarfen nauyin bayan hannu. Kada ƙaninka ya haɗa don gwaji ya bar su a kai, faranti a kan sanda in aka jefa kwalin shi ke lalata gindin sandar. Ya riƙe rasit saboda kwastan. Na Ingila wutarsa ta dace da tamu, filoginsa ma mai baki uku irin namu ne. Na Amurka 120 ne, na Japan 100, in ba taransfoma ka soka shi a bango sai hayaƙi. Kuma kada ya sha wutar layi kai-tsaye, a bi da shi ta inbata mai kyau ko sitabilaiza, don garantin Ingila ba zai biyo ka Kaduna ba.

Ɗan Damagaram: Mu nan filogi mai baki biyu irin na Faransa muke da shi, sai a sauya waya.

Dije Sabon Gari: Tunda Kawu ya hana ni na Yaya, Oga Mai Gyara, an yi min tallan MK2 guda biyu na hannu daga Alaba. Me zan duba?

Mai Gyara Kano: Kada ka biya sai ka gani da idonka. Ka sa maɓallin gudu a tsakiya, koren fitila ta kama, ka kalli layin manyan ɗige-ɗigen gefen faranti, su tsaya cak a 33 da 45. In suna rarrafe, akwai aiki. Ka ja maɓallin a hankali daga sama zuwa ƙasa, gudun ya bi hannunka ba tsalle. Sai hannu, shi ne mai tsada. Ka mayar da nauyin har ya tsaya a iska, ƙaramin maɓallin gefensa a sifili, ka hura masa iska kaɗan, ya tafi sumul ba tsayawa. Ka kama shi da yatsa biyu ka ɗan girgiza, in ka ji ƙwas-ƙwas a gindinsa an taɓa faɗuwa da shi ko an yi wasa da sukurorinsa. Ka kalli faranti daga gefe yana juyi, kada ya riƙa hawa da sauka. Zoben ɗaga hannu ma ka murɗa, da yawa man cikinsa ya daskare. Ka ɗaga faranti ka duba ko akwai makunnin zaɓen wuta a ƙasa da inda aka saita shi, ka karanta rubutun baya kafin a soka. In mai kayan ya hana ka ɗaga faranti, ka bar masa abinsa.